Kafin A Ƙara Wa Tsohuwar Mota Gudu, A Fara Duba Birkinta

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina, ya ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci, ya san cewa tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ba ta gama sallama da titi ba tukuna. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa ta a 1975, bai kuwa daina ba sai a 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta yi watsi da ita. A 'yan shekarun nan kuma wata sabuwar sha'awa ta shigo tsakanin matasanmu masu ɗan abin hannu, wato sayen irin waɗannan tsofaffin motoci, da takwarorinsu na Mercedes da BMW, a gyara su tsaf domin wasan mota da tsere. Ni dai ba ni da ja da wannan sha'awa. Fijo ba baƙuwar tsere ba ce: da ita Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma ya sake lashewa a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu. Mu ma nan gida tun shekarun 1970 aka san tseren motocin Argungu da ake haɗawa da bikin kamun kifi. Inda nake da magana shi ne yadda ake kashe kuɗin gyaran. Za ka ga an zuba dukiya a kan inji da salansa da fenti, shi kuwa birki an bar shi yadda aka gaje shi, ko kuma a ɗauko na wata babbar mota a ɗaura ba tare da lissafi ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da birkin mota? Amsar ita ce zafi. Babbar matsalar birki iri ɗaya ce da wadda kowace dabba ke fama da ita a watan Afrilu a ƙasar Katsina, wato yadda za a fitar da zafi daga jiki kafin ya yi ɓarna.

Birki ba ya ɓatar da ƙarfin tafiyar mota, domin a kimiyyance wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Abin da birki ke yi shi ne ya mayar da shi zafi ta hanyar gogayya tsakanin takalmin birki da faifai ko ganga. Bari mu yi ɗan lissafi. Fijo tana da nauyin kimanin kilo 1,200. Idan tana gudun kilomita 100 a awa aka tsayar da ita cik, zafin da zai fita ya isa ya tafasa ruwa lita ɗaya da rabi. Idan kuwa gudun ya kai kilomita 140, zafin zai ninka kusan sau biyu, ya isa ya tafasa lita uku, domin ƙarfin tafiya yana hauhawa ne da gudun da aka riɓanya da kansa. Duk wannan zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi yake shiga ƙarfen da bai wuce faɗin faranti ba. Direban haya da ya taso daga Kankiya zuwa Katsina yana taka birki jefi-jefi, ƙarfen yana samun sukunin hucewa. Mai tsere kuwa yana takawa da ƙarfi a kowace kwana, kafin zafin farko ya fita na biyu ya sauka a kansa, har faifan ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Birkin da aka ƙera domin kai amarya da zuwa kasuwa ba a yi shi don wannan azaba ba.

Abin da ke fara gazawa ba ƙarfen ba ne. Man birki ne, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne mafi araha a cikin kayan, shi ne kuma aka fi rainawa. Lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa yana bin wannan mai ne ta cikin tiyo har ya isa ƙafafun mota, abin da ya sa hakan ke yiwuwa kuwa shi ne ruwa ba ya matsuwa. Iska da tururi suna matsuwa. Duk wanda ya taɓa toshe bakin sirinji da yatsa ya danna ya ga bambancin: idan ruwa ne a ciki ba ya motsi, idan iska ce sai ta lotsa. Haka tsirrai ma suke. Da zarar kumfar iska ta shiga jijiyar da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, wannan jijiya ta daina aiki. To, idan zafi ya sa man birki ya tafasa, kumfar tururi ta cika tiyo, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa motar kuwa tana ci gaba da tafiyarta. Wani abin takaici shi ne bayan an yi haɗari man ya huce, birkin zai dawo daidai, masu dubawa su rantse lafiyarsa lau, a ɗora laifin a kan tsautsayi.

A jikin kowace robar man birki akwai lamba. Mai lamba DOT 3 ba a yarda ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba idan sabo ne, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Sai dai waɗannan mayuka suna da halin gishiri, wato suna zuƙar danshi daga iska. Idan ruwan da suka sha ya kusa kashi 4 cikin ɗari, ma'aunin DOT 3 yakan sauko zuwa digiri 140, na DOT 4 zuwa 155. Motar da ta ga damina uku ko huɗu ba a juye mata mai ba, a wannan hali take, komai kyan jikinta. Ina kuma ga waɗanda idan mai ya yanke musu a hanya suke dama ruwa da garin sabulu su ɗura? Wannan a digiri 100 zai tafasa, ga tsatsar da zai bari a ciki. A lura kuma, DOT 5 daban yake da DOT 5.1 duk da kamannin suna. Na farkon da silikon aka yi shi, ba a gauraya shi da sauran. Shawarata ga mai shirin shiga fili ita ce ya juye tsohon mai ƙarƙaf, ya zuba sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iska daga kowace ƙafa, sa'annan ya sauya tsofaffin tiyon roba, domin idan sun tsufa sukan kumbura su shanye wani ɓangare na ƙarfin da aka taka. Akwai masu saƙar ƙarfe a jiki waɗanda ba sa kumbura.

Sai takalmin birki. Na yau da kullum, musamman mai araha, idan zafi ya yi masa yawa danƙon da ya riƙe shi yakan fara ƙonewa, sai ya riƙa sulɓi a kan faifai, feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa. Akwai na tsere mai jure zafi, amma shi kuma ba ya kamawa sosai sai ya ɗumama, saboda haka wanda ya ɗaura shi ya shiga gari da sanyin safiyar hunturu yana iya afka wa mai Keke Napep a mahaɗar farko. Kowanne da wurinsa.

Game da fitar da zafi kuwa, halitta ta riga injiniyoyi. Dubi kunnuwan zomo da na giwa, da leɓar da ke reto a wuyan shanunmu: duka dabara ce ta ƙara faɗin fata domin iska ta kwashe zafi. Faifan birki mai ramukan iska a tsakiya wannan hikimar ya bi, haka kuma bututun da masu tsere ke jawowa daga gaban mota ya hura iska a kan faifan. Ganga kuwa rufaffiya ce kamar tukunya, zafi ba ya samun mafita, kuma idan ta ɗau zafi takan buɗe ta nisanci takalmin. Wannan ne ya sa Jaguar mai birkin faifai ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953, daga nan duniya ta fara juya wa ganga baya. Fijo 504 ta asali faifai gare ta a ƙafa huɗu, amma wagon da akori-kura ganga ce a bayansu.

To amma kada a ce tunda haka ne sai a cire gangar baya a ɗaura ƙaton faifai. Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, shi ya sa ƙafafun gaba ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Ƙafafun baya sun yi sakayau a lokacin, idan aka ba su ƙarfin da ya wuce kima su za su fara ƙullewa, motar ta juya da mai ita kamar katantanwa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Kuma komai girman faifai, taya ce ke taɓa ƙasa. Birkin da ya iya ƙulle taya ya riga ya kai iyakarsa, abin da ya saura yana hannun robar. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta; 2315, alal misali, mako na 23 ke nan na shekarar 2015. Wanda ya kashe dubban ɗaruruwa a kan birki ya ɗora motar a kan tayoyi 'yan Kwatano da suka bushe, ya sayi sirdi ne ya manta da kofaton doki.

Akwai wani sashe na birki da ba a sayar da shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, shi ne direban kansa. Tun a 1850 Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya nuna cewa saƙon jiki ba nan take yake isa ba. A jikin mutum jijiyoyi mafi sauri suna kai saƙo da gudun kimanin mita 100 a daƙiƙa, amma jinkirin ba a nan yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, inda za a gane abin da ido ya gani a yanke shawara. Direban da abu ya zo wa ba zato yakan ci daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta sauka a kan birki. A gudun kilomita 140 mota tana cin mita 39 a kowace daƙiƙa, wato za ta iya shafe fiye da rabin tsawon filin ƙwallo kafin birkin, komai tsadarsa, ya fara aiki. Rashin barci da ƙishirwa da ƙwayoyi irin su taramol suna ƙara wannan jinkiri.

Wannan lissafi shi ne hujjata ta cewa titin jama'a ba wurin tsere ba ne. Manomin da ya fito daga Boko ko Mawashi da buhun gero a bayan babur zai hau babban titi, da yaron da ya koro awaki ranar kasuwar Caranci, ba su shiga gasa da kowa ba. Ko a filin tsere ma birki mai kyau bai isa shi kaɗai ba. A Le Mans ɗin nan dai, a 1955, wata Jaguar ta taka birkinta mai ƙarfi za ta ratse, motar da ke bayanta ta kauce, wata Mercedes ta hau ta ta yi tsalle cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka rasu. Bayan wannan ne aka sake fasalin filin aka nisanta 'yan kallo daga hanya. Hukumomi a biranenmu sun sha hana wasan mota a lokacin Salla da bukukuwan aure, amma hanin bai kashe sha'awar ba, ya dai tura ta bayan gari da tsakar dare. A ganina gara a ware fili mai shinge da tazara, a sa sharaɗin cewa babu motar da za ta shiga sai an auna danshin man birkinta, an duba kaurin takalmi da shekarun taya. Na'urar auna danshin ba ta fi alƙalami girma ba, kuma aiki ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra tare da ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina za su iya ɗauka.

Saura kanikawa da yaransu, waɗanda su ne ke buɗe waɗannan tsofaffin ganguna. Takalman birki na da, da wasu masu araha na yanzu, suna ɗauke da wani ma'adini mai zare-zare da ake kira asbestos, wanda Tarayyar Turai ta haramta gaba ɗaya tun 2005. Zarensa ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, idan aka shaƙe shi yakan maƙale a huhu, jiki ya kasa narkar da shi, ya haifar da tabo ko ciwon daji bayan shekara ashirin zuwa arba'in. Al'adar garejinmu kuwa ita ce a cire ganga a sa baki a hure ƙurar, galibi kuma ƙaramin yaron shago ake sa wa wannan aiki. Ƙurar birki ba a hure ta, ba a kuma kaɗe ta da tsumma busasshe. A yayyafa mata ruwa tukuna, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman a leda a jefar, a wanke hannu kafin a zauna cin abinci.