Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Attajiranmu da Hukumomin Zakka: A Daina Tara Talakawa a Ƙofar Gida



Ranku ya daɗe, ina roƙon Allah Ya karɓi abin da kuke fitarwa, Ya sanya albarka a cikin abin da ya rage. Ba na shakkar niyyarku. Yadda ake rabon ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan Maris na 2024, cikin azumi, mutum bakwai suka rasu a turmutsutsin karɓar zakka a garin Bauchi, mata da 'yan mata. A Disambar 2024 yara 35 suka mutu a Ibadan wajen rabon kyauta, kwana kaɗan bayan haka aka sake yin asarar rayuka a Abuja da Okija wajen rabon abinci. Duk waɗanda suka shirya tarukan nan alheri suka nufa, amma gawa aka kwasa.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan mai kuɗi a goman ƙarshe ya san abin da nake faɗa. Tun kafin asuba mata sun cika layi, wata da goyo, wata da sanda, ga azumi ga rana. Da an buɗe ƙyaure sai ƙarfi ya yi aiki. Majiya ƙarfi su kutsa gaba, wani ya karɓa sau biyu, tsohuwar da ta fi kowa buƙata ta koma gida takalmi ɗaya a hannu. Wadda ta samu kuwa, ambulan ce da 'yan dubbai a ciki, ta cire kuɗin mota, saura ba zai kai ta mako ba. Baɗi war haka tana nan a layin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ba za ku taɓa gani a ƙofarku ba: matar da ke takaba da marayu a gabanta, malamin makarantar da kunya ta hana shi miƙa hannu, magidancin da ke kwance a asibiti an rubuta masa magani ya kasa saye. Waɗannan sai an neme su. Kuma neman ba wuya, domin mai unguwa ya san su, limamin masallacin unguwa ya san su, ungozoma ma ta san gidan da aka haihu ba a hura wuta ba. A kafa ɗan kwamiti a kowace unguwa, lallai da mata a ciki, don su ne ke shiga cikin gidaje. A rubuta sunaye tun Sha'aban, a kai wa kowa nasa har gida ko ta asusun banki, ba kyamara, ba hoton marainiya riƙe da buhu a Facebook.

Sai batun yawan abin da ake bayarwa. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu karɓa. Ba inda aka ce dole sai an yayyafa ta a kan dubban mutane. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba wa matalauci abin da zai ishe shi shekara guda, Shafi'awa kuma suka ce a ba mai sana'a kayan sana'arsa. Naira miliyan goma in an raba wa mutum dubu biyu, kowa dubu biyar ya tashi da ita. In an ba mutum ashirin, kowa ya sami rabin miliyan: jarin ƙosai da rumfa, injin markaɗe, awakin kiwo, ko biyan bashin da ya hana magidanci barci. Amma a tambayi mutum sana'ar da ya iya kafin a saya masa kaya. Keken ɗinki a hannun wadda ba ta iya ɗinki ba, kasuwa zai koma a rabin kuɗinsa. Bayan wata shida kuma a koma a duba.

Ku kuma hukumomi, tun bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999 jihohi suka kakkafa ku, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Har yau attajirai da dama sun fi son su raba da hannunsu, kuma dalilin yarda ce. Ku riƙa buga lissafinku duk shekara: nawa aka tara, nawa aka raba, a waɗanne ƙananan hukumomi, nawa aka kashe kan ma'aikata. Ku nisanta rabon daga 'yan siyasa. Ku kuma raya hubusi. Sayyidina Umar ya yi wakafin gonarsa ta Khaibar, aka riƙe asalinta ana ciyarwa da amfaninta. Mu kuwa sai a haƙa rijiyar burtsatse, a kafa allo da sunan mai bayarwa, famfo ya lalace ba wanda aka ɗora wa gyara. Duk mai haƙa rijiya ya haɗa ta da shago ko gonar da kuɗinta zai riƙa gyara ta.

Don Allah, kafin azumi mai zuwa ku zauna da masu unguwanni da limamai ku fitar da sunayen. Kada a sake kiran talakawa su taru a ƙofar gidan kowa.

Wassalam.