Wa ya ba ku makullin sama?

Wani wa'azi da aka naɗa yana yawo a wayoyin ƴan'uwa tsakanin Madarunfa da Maraɗi a wannan mako, kuma tun da na saurare shi raina yake a ɓace. Cikin ƴan mintoci mai wa'azin ya gama da kowa: ƴan Katolika masu bautar Maryamu ne, ƴan Fentikos kuwa ƴan kasuwa ne masu sayar da mu'ujiza. Jama'a na ta amin. Kafin gari ya waye martani ya fito daga ɗaya ɓangaren, wai tsofaffin ikilisiyoyin mishan matattu ne, Ruhu ya daɗe da yi musu ƙaura.

Ni ba ɗan Katolika ba ne. Ban yarda da kai roƙo ta hannun Maryamu ba, kuma ina da hujjojina. Amma in za ka ja da mutum, ja da abin da ya faɗa da bakinsa. Tun a taron Nikiya na biyu, a shekarar 787, aka rarrabe girmamawa da sujada, aka ce sujada ta Allah ce shi kaɗai, kuma a kan wannan Katolika suke tsaye har yau. Kana iya cewa rarrabewar ba ta gamsar da kai ba. Kana iya cewa abin da tsohuwa take yi gaban mutum-mutumi ya wuce abin da Fada ya koya mata. To, bismillah, a zauna a buɗe Littafi Mai Tsarki. Wanda ya tsallake duk wannan ya ce "masu bautar gumaka" ya huta da karatu ne kawai, ya kuma hutar da masu sauraronsa.

Abin takaicin, mu ne muka fi kowa sanin zafin laƙabi. Wane ne cikinmu ba a taɓa kiransa arne ba? Muna nan bakin tafkin Madarunfa muna jin maƙwabtanmu suna jifan juna da "ƴan bidi'a" a kan ziyarar kaburburan waliyyai 99, muna girgiza kai, sai ranar Lahadi mu hau mumbari mu yi irin nasu.

Kuma a daina yi mana kamar duk rabuwarmu a kan koyarwa ce. Daga zuwan ƴan mishan na SIM Tsibiri a 1927 har kafuwar ikilisiyar EERN, gida ɗaya ne. Da aka tsage a ƙarshen shekarun 1980, ku tambayi dattawa ko baftisma aka yi wa faɗa ko shugabanci. Laƙabin yakan biyo baya ne, don a samu abin faɗa wa yara.

E, akwai koyarwar ƙarya, kuma faston da ke karɓar kuɗin gwauruwa da sunan man shafewa a faɗi laifinsa ƙarara.

Amma ku dubi yawanmu. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A watan Nuwamba na 2000 aka afka wa majami'ar Vie Abondante a Maraɗi. A Janairun 2015 majami'u da dama suka ƙone a Damagaram da Yamai, na Katolika da na sauranmu. A Yunin 2019 aka cinna wa ta Assemblées de Dieu wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi. Waɗanda suka zo da fetur ba su tsaya tambayar wa ke nutsarwa wa ke yayyafawa ba. Ku da ƴan'uwanku suka kwana kan toka, har kuna da bakin raba wa juna wuta da aljanna? Wa ya ba ku makullin? Wannan rashin kunya ne, kuma lalaci ne da aka sa wa rigar kishin gaskiya.

Fastoci da dattawa, ku ja kunnen masu wa'azinku kafin Lahadi mai zuwa. Kai kuma mai karatu, in muryar nan ta iso wayarka, kada ka tura wa kowa.