Sana'a da Zamani: Kwalliyar Allon Shago, Ko Ta Biya Kuɗɗin Sabulu?

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko kuwa ya bi titunan Wadata a birnin Yamai, in ya ɗaga kai zai ga allunan shaguna sun sake kama. A da mai fenti ne ke hawa tsani da burushi da gwangwani, ya rubuta sunan mai shago bisa tol ko katako, in yana son burgewa ya ja baƙin layi guda a gefen kowane harafi. Yau matashi ne ke zaune gaban kwamfuta, ko ma riƙe da wayar hannu, ya tsara rubutun, sa'an nan inji ya fitar da shi bisa leda mai kauri da ake kira bash. Tun da yake layi ba ya cin fenti cikin kwamfuta, sai ga harafi guda sanye da riguna huɗu ko biyar, fari da ja da tsanwa da baƙi da ruwan ɗorawa, kamar dokin sarki ranar hawan salla.

Amma ɗan kasuwa bai biya kuɗɗinsa domin harafi ya yi hawan salla ba. Ya biya ne domin mai wucewa bisa babur ya karanta sunan shagon kafin ya gota. Haka ma ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin buga banderol ɗin wani taro, abin da ake jira gare shi shi ne a karanta rubutun daga ƙarshen zaure, ya kuma fito sarai cikin hoton talabijin. Sabili da haka ya kamata masu ba da aiki su san abin da layin kewaye yake yi, da yadda ake jera shi hawa-hawa, da inda yake komawa ɓarna.

Amfanin layin kewaye

Layin da ke kewaye harafi, wanda masu sana'ar ke kira kontur, aikinsa na asali guda ne: raba harafi da abin da ke bayansa. Farin rubutu bisa hoton buhunan shinkafa, inda wani wuri ke da haske wani ke da duhu, ba ya karantuwa sai an yi masa baƙin gefe. Dalili ke nan da ya sa fassarar da ke bi ƙarƙashin fim take fara mai baƙin gefe, domin hoton da ke bayanta yana sauyawa kowane lokaci. Akwai kuma wani amfani da ya shafi ƙasa mai zafin rana: tawada ja da ta ruwan ɗorawa su ne ke fara koɗewa, baƙa kuwa ta fi jimiri. Allon da aka yi wa baƙin gefe yakan ci gaba da karantuwa ko bayan rana da ƙurar hunturu sun cinye launin cikin harafi.

Layi na biyu yana da hujja sa'ad da launin harafi da launin bango suka yi kusa da juna. A ce jan harafi ne bisa shuɗin bango. Dukansu masu duhu ne, in an yi baƙin gefe kaɗai ba a ƙara kome ba. Sai a fara da farin layi, ya ɗago jan, sa'an nan a rufe da siririn baƙi, ya tsare farin. Ƙa'idar ita ce haske ya bi duhu, duhu ya bi haske. Ja da tsanwa kuwa kada su haɗa kafaɗa ba tare da fari ko baƙi a tsakani ba, domin suna sa ido rawa, kuma akwai mazaje da dama da idonsu ba ya rarrabe su tun haihuwa. Layi na uku da na huɗu, mafi yawan lokaci, ado ne kawai.

Yadda ake jera su

Manhajar Photoshop, wadda ƴan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da ita kasuwa a 1990. A 1994 aka shigar da tsarin kalk, wato shafuka shara-shara da ake ɗora wani bisa wani, rubutu a nasa shafi, hoto a nasa. A shekara ta 2000 aka samu damar sa wa kalk layin kewaye da umurni guda, amma layi ɗaya tak. Mai son biyu sai ya yi dabara: ya kwafi rubutun sau biyu ya ba na ƙasa layi mafi kauri, ko kuwa, daga 2012, ya jefa rubutun cikin rukuni ya sa wa rukunin nasa layi. Sai a 2015 aka buɗe ƙofa, kalk guda ya iya ɗaukar layin kewaye har goma.

Ga yadda abin yake. Mai aiki ya buɗe akwatin Style de calque, ya zaɓi Contour, ya sa matsayinsa a waje da harafi, domin in an sa shi ciki, naman harafin yake ci. A gefen sunan akwai alamar ƙari. Kowane dannawa yana haifar da sabon layi. Inda sababbin hannu ke tuntuɓe shi ne awo. Dukan layukan daga bakin harafi suke fara ƙirga, ba daga ƙarshen na gabansu ba, kuma na saman jeri yana rufe na ƙasa. In fari ya samu ɗigo 8, tsanwa ɗigo 20, baƙi ɗigo 24, abin da ido zai gani shi ne fari 8, tsanwa 12, baƙi 4. In aka ba su duka ɗigo 8, na sama kaɗai zai bayyana, mai aiki ya yi ta zargin kwamfuta alhali lissafi ne ya kuɓuce masa. Siriri a sama, mai kauri a ƙasa: wannan ne dukan sirrin.

Sauran manhajoji kowace da hanyarta. Cikin Illustrator akwai akwatin Aspect, inda ake tara layuka a ja su ƙarƙashin launin harafi. In ba a ja su ba, rabin kaurin layi yana shiga cikin harafin. CorelDRAW, ta kamfanin Corel na Kanada, wadda ta fito a 1989, masu buga alluna suna sonta domin zanenta ba ya dusashewa kome girman da aka ja shi, kuma tana da umurnin tura layi bayan harafi. Wanda ba ya da kuɗɗin lasisi yana da GIMP, wadda kyauta ce: ya zaɓi siffar rubutun, ya faɗaɗa zaɓin da ɗigo kaɗan, ya zuba launi bisa sabon kalk a ƙarƙashi, ya maimaita ga kowane layi. Aikin ya fi tsawo, sakamakon ɗaya ne.

Tambari kuwa yana da nasa sharaɗi. Dole ya zo ba tare da bango ba, irin fayil ɗin PNG mai shara-shara. Fayil ɗin JPEG ba ya iya riƙe wuri marar launi. Tambarin yana zuwa ne cikin farin akwati, kuma kwamfuta akwatin za ta kewaye, ba tambarin ba. Duk wanda ya ga tambari cikin murabba'i mai jan gefe bisa kalandar ƙarshen shekara, ya ga wannan kuskure.

Inda ƙasa ke komawa kasa

Babban haɗarin yana ga rubutun Hausa kansa. Dokar ma'aikatar ilmi ta 1999 da ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar ta tabbatar da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Lanƙwasar nan ƴar ƙarama ce, kuma ita ce farkon abin da layi mai kauri ke haɗiyewa. Da zarar ramin da ke ƙarƙashinta ya cike, daga nesa ƙ ta zama k. Banderol ɗin da aka so ya ce ci gaban ƙasa sai ya ce ci gaban kasa. Maraba da baƙi ta koma maraba da baki. Mai karatu zai gane abin da ake nufi, amma zai yi dariya, kuma ma'aikatar da ta buga ba ta biya kuɗɗi domin a yi mata dariya ba.

Matsalar tana da tushe na biyu. Yawancin haruffan ado masu ƙiba da matasa ke so ba su da ɓ da ɗ da ƙ sam. In an buga su, kwamfuta takan aro su daga wani gidan haruffa, sai a ga siririn harafi tsakanin ƙattai, layin kewaye kuma ya ƙara tona asirin. Akwai haruffa na kyauta da ke da su cikakku, kamar Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da Noto na Google. Kafin a kai aiki maɗaba'a, sai a mai da rubutun zane, domin kada kwamfutar can ta musanya shi da abin da take da shi.

Rubutun Larabci da ajami, wanda ake gani bisa allunan makarantun Faranko-Arab da na kamfanonin jigilar alhazai, ya fi kowane rauni. A farkon kalma da tsakiyarta, ɗigo ne kaɗai ya raba ba da ta da nun. In layi ya manne ɗigo biyu suka zama ɗaya, ko ya manne ɗigo da jikin harafi, kalma ta sauya. Haka wasullan Faransanci masu alama a kai. Maganin duka guda ne: a buɗa tsakanin haruffa kafin a sa layi, kuma layin farko kada ya kai kaurin sandar harafin.

Abin da ke taɓa aljihu

Ɗigon kwamfuta ba ya da tsayayyen girma. A aikin takarda mai ɗigo 300 cikin inci, ɗigo 12 kusan milimita guda ne. A aikin bash mai ɗigo 72, ɗigo 12 ɗin nan sun haura milimita 4. Ke nan awon da ya yi kyau ga allo ba ya yi wa katin ziyara. Kuma cikin Photoshop, in aka ƙanƙanta tambari da hannu, layukan ba su ƙanƙancewa tare da shi sai an ba da umurni na dabam. Harafi ya rame, rigarsa tana nan yadda take.

Ga ɗan kasuwa mai buga suna bisa buhu, ko riga, ko hula, lissafin ya fi tsanani. A irin wannan bugu, wato serigarafi, kowane launi da nasa allon tacewa da nasa zubi. Layi uku masu launi dabam-dabam, zubi uku ne aka ƙara, kuma in buhu ya gusa da ƙiris tsakanin zubi da zubi, siraran layuka sun hau juna. Wanda ya ba da odar buhu dubu bai ga samfur ba, in abin ya ɓaci, buhu dubu ne za su yi ta yawo da sunansa a jagule daga Ƙonni har Agadas.

Ga ma'aikaci kuwa, takardar ofis ba ta mutuwa da launinta. Za a yi mata fotokopi, a yi wa fotokopin fotokopi, kuma hatimi launi ɗaya gare shi. Tambarin Jamhuriya yana ɗauke da rana, da mashi da takubba biyu, da zangarniyar hatsi uku, da kan sa, duka cikin ƙaramar garkuwa. Layin da aka ƙara masa zai cike tsakanin waɗannan, bayan kwafi biyu ya koma baƙin tabo. Ban da haka, alamar hukuma ba kayan wasan mai zane ba ce. In bango ya hana ta fita, a shimfiɗa mata farin fili a baya, a bar ta yadda doka ta zana ta.

Kafin a biya

Mai ba da aiki ba sai ya iya kwamfuta ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abu uku sun isa. Na farko, ya sa a buga masa samfur bisa takarda, ya manna ga bango, ya ja da baya taki goma, ya sa wani wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta. Na biyu, ya sa a fitar da shi baƙi da fari. Tambarin da ya tsira a nan zai tsira ko'ina. Na uku, ya nuna kowane layi da yatsa ya tambayi mai zane abin da yake yi a wurin. Layin da aka rasa amsarsa, a cire shi. Ya kuma karɓi fayil na asali mai kalk a rarrabe, domin ranar da lambar waya ta sauya kada a sake aikin daga farko.

Matasan da suka rungumi wannan sana'a sun cancanci yabo, domin da yawansu su suka koya wa kansu, kuma suna ci da iyali da ita. Sai dai tsofaffin masu fenti, waɗanda kowane layi ke ci masu gwangwani da wuni guda bisa tsani, sun san abin da saukin kwamfuta ke sa a manta: layi ɗaya domin karatu, na biyu in bango ya tilasta, na uku sai da dalili. Photoshop ta ba da izinin goma, amma ba ta ce a yi goma ba. Allon da aka tsaya ana kallon launinsa ba a riƙe sunan mai shi ba, kwalliyarsa ba ta biya kuɗɗin sabulu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba dalilin da ya sa launin da aka gani bisa gilashin kwamfuta yake fitowa dabam bisa takarda.