Man Giyar Tsohuwar Mota: Ka Canza Shi a Gida, Amma Sannu a Hankali

Na san wani zai ce, kai da sana'arka gyaran waya, me ya kai ka ƙarƙashin mota? To, kawuna ne ya kai ni. Yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota, 'yar Kwatano, mai giya otomatik. Da ita yake dakon kaya, da ita ake cefanen gidansa. Shekara da shekaru yana canza baƙin mai a kan lokaci, amma man giya ko sau ɗaya bai taɓa ba. Dalilinsa? Wani bakanike ya ce masa, "Alhaji, duk ranar da ka canza man giya, ranar giyar za ta mutu."

Wannan magana ta yaɗu sosai, kuma ni ban yarda da ita ba. Amma ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba, don na san inda ta samo asali. Irin abin da nake gani kullum a shago ne. Mutum zai bar wayarsa tana zafi wata uku, batir ya kumbura, sai ranar da ta fara ɗaukewa zai kawo min. In na buɗe ta ƙarasa, sai ya ce ni na kashe ta. Haka masu mota suke. Ba sa tuna man giya sai mota ta fara jinkirin ɗaukar giya ko tana zamewa a kan hawa. A lokacin kuwa faifan kulocin da ke ciki sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo a cikin tsohon man shi ne ɗan abin da ke sa su kamawa. Ka zuba sabon mai, garin ya tafi, sai ciwon da ya daɗe ya fito fili. Ba man ne ya kashe ta ba, dama tana kan hanya.

Shi ya sa kafin ka kwance komai, zaro sandar awon man giya ka goga a farar takarda. Sabon mai ja ne kamar zoɓo. In ya koma ruwan ƙasa amma ba ya wari, ya tsufa ne kawai, canza shi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ga mota tana zamewa, to ka tsaya, wannan ba aikin gida ba ne, nemi mai gyaran giya. In kuma ka gan shi kamar an zuba madara a cikin zoɓo, ruwan lagireto ne ya shiga, domin a yawancin waɗannan motoci man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Nan ma canjin mai kaɗai ba zai yi magani ba. Na Kawu ruwan ƙasa ne mai duhu, babu warin ƙuna, giya tana shiga daidai. Sai na ce, "Kawu, mu gwada." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce to.

Abin da na fi tsoro a wannan aiki ba sifana ba ne, galan ɗin man ne. Wallahi a nan ake yin asara. Ka je kasuwa ka ce man giya, mai shago ya miƙo maka duk wanda yake ja. Ai ba duk ja ne ɗaya ba. Tsofaffin Toyota da yawa Dexron II ko III suke sha, waɗanda suka biyo baya T-IV, na baya-bayan nan kuma WS. Ford tana da nata, Mercon. Man CVT daban yake gaba ɗaya, shi kuma mai kaurin nan na giyar hannu, 80W-90, ko kusa kada ya zo. Sau da yawa an rubuta sunan man a jikin sandar awon, in babu, ga wayarka a hannu: nemi littafin motar a intanet da sunanta da shekararta. Wani abu kuma, kamfanin GM mai sunan Dexron ya daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006. Ke nan rubutun da ke jikin galan a yau alkawarin wanda ya haɗa man ne kawai. Ka saya a wurin dilan da aka sani, ka duba murfi ba a taɓa ɓalle shi ba. Kamar caja ne, ta bogi ma tana kawo wuta, sai daga baya ka gane.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ka ɗan zaga da motar man ya yi ɗumi, ka faka a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a tayoyi. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ta Kawu tana da tsayi, ba mu ma ɗaga ta ba. Ka kwance notin da ke ƙasan kwanon giya, ka tabbata na giya ne ba na inji ba, don an sha yin wannan kuskure. Ka tare man a roba, sannan ka auna shi da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi. Abin da ya fita, shi za ka mayar, da mazurari mai tsafta ta bututun sandar awo. Wasu motocin Amurka ba su da wannan noti, dole sai an sauke kwanon duka. In ka sauke, za ka ga maganaɗisu a ciki. Ɗan laka mai toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, gutsattsarin ƙarfe ne abin tashin hankali. Ka sa sabon gaskit, kuma notocin kwanon ƙanana ne, a hankali ake ɗaure su, kamar yadda nake ɗaure sukurun waya. Ka matsa da ƙarfi, ko ya karye ko kwanon ya fara yoyo. Kuma ba a yin wannan aiki ranar da iska ke tashin ƙura.

Ga inda nake saɓawa da wasu masu gareji. Za ka ga man da ya fita kaɗan ne, lita 2 zuwa 4, alhali giyar tana ɗauke da ninkin haka biyu ko uku, sauran yana cikin tulun da ke tsakanin inji da giya da kuma bututu. Sai a ce maka aikin banza ka yi, kawo a yi mata fulashin da inji a wanke ta tas. Ni dai a tsohuwar giyar da ba a taɓa kula da ita ba, ban yarda ba, musamman in za a zuba sinadarin wanki. Dattin da ya kwanta shekara goma, ka tashe shi rana ɗaya, ƙananan hanyoyin mai zai je ya toshe. Ko waya ma, ba kowace matsala ake yi wa filashin ba. Gara ka zubar ka cika, ka yi aiki da motar sati biyu, ka sake, har sau uku. In kashi ɗaya cikin uku ke fita kowane karo, a karo na uku kusan kashi 70 cikin 100 na man sabo ne. E, za ka sayi mai da ɗan yawa. Amma je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tambayi kuɗin giya 'yar Beljiyam, ka dawo mu yi lissafi.

Awon ƙarshe shi ne mutane suka fi ɓatawa, suna auna shi kamar baƙin mai. A Toyota da yawancin irinta, inji na aiki ake aunawa. Ka taka birki, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka dawo P, sannan ka zaro sandar. In mota ta yi zafi, layin HOT za ka duba. Kada ka ce bari in ƙara don albarka. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, giya kuma ba ta aiki da kumfa.

Mun yi wa motar Kawu sau uku. Ba zan ce ta koma sabuwa ba, amma bugun da take yi in an sa R da safe ya ragu sosai, yanzu da kansa yake zaro sandar yana shinshinawa. Tsohon man kuwa a jarka muka zuba muka kai gareji, ba mu tuttular a kwata ba.

Wanda ya duba motarsa bai ga sandar awon giya ba, kada ya fara kwance komai. Irin waɗannan ta wani noti daban ake auna su, kuma sai man ya kai wani zafi na musamman. Ya rubuto min sunan motar da shekararta tukuna.