Gargaɗi ga Masu Tsige Shugabanni, daga Labarin Amiran Kufa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, wata cuta ta yaɗu cikinmu, a kasuwa da makaranta har da masallaci. Mutane su naɗa shugaba, shekara ba ta kewayo ba su taru su ce shi ne masifarsu, a tsige shi, su ko ba su duba nasu hali ba. Ga masu wannan aiki nake kawo labarin Kufa.

Kufa sansanin mayaƙa ce a ƙasar Iraƙi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, ya kafa ta da umurnin Sayyidina Umar a shekara ta 17 bayan Hijira, watau 638. Sa'adun nan shi ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya buɗe Mada'in, yana kuwa cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Duk da haka mutanen Kufa suka kai ƙararsa Madina, har suka ce bai iya salla ba! Umar ya aika a bincika masallaci masallaci, ko'ina yabo ake yi, sai a masallacin Banu Absi wani mutum ya tashi ya ce Sa'adu ba ya fita yaƙi, ba ya raba ganima daidai, ba ya adalci cikin hukunci. Sa'adu ya roƙi Allah, in maƙaryaci ne Ya tsawaita ransa da talaucinsa, Ya jefa shi cikin fitina. Aka ga mutumin ya tsufa har girarsa ta rufe idanunsa, yana faɗin addu'ar Sa'adu ce ta kama shi. Umar ya sauke Sa'adu, amma kafin rasuwarsa ya bayyana cewa ba don kasawa ko ha'inci ya sauke shi ba.

Aka aika musu Ammaru ɗan Yasir, wanda aka azabtar a Makka don imaninsa. Suka ce bai san mulki ba, aka sauke shi. Zamanin Sayyidina Usman, a shekara ta 34, suka tare wa amirinsu Sa'idu ɗan Asi hanya da makamai, suka hana shi shiga gari, suka zaɓi Abu Musa da kansu. Usman ya bar musu don neman zaman lafiya. Shin sun natsu? A shekara ta 35, watau 656, da wasunsu cikin waɗanda suka kewaye gidan Usman har aka kashe shi.

Idan ka ce mini, ashe ba a ƙarar shugaba ko ya yi ɓarna? Sai in ce ana yi. A Kufar nan aka yi shaida a kan amiri Walidu ɗan Uƙuba da shan giya, Usman ya kira shi Madina, aka tsayar masa da haddi, aka sauke shi. Wannan ƙara ce da shaidu gaban mai hukunci. Abin da nake zargi shi ne raɗa a rumfa, da ƙage, da tara 'yan ihu don rabonka bai kai yadda kake so ba.

To, dubi ƙarshen al'amari. Bayan rasuwar Mugira ɗan Shu'uba aka ba Ziyadu Kufa. Suka jefe shi da tsakuwa a kan mumbari kamar yadda suka saba, shi ko ya yanke hannuwan waɗanda ya kama. Ɗansa Ubaidullahi ya zo a shekara ta 60. Mutanen Kufa da suka rubuta wa Sayyidina Husaini wasiƙu ya zo suka watse daga gare shi, aka kashe shi a Karbala a shekara ta 61, watau 680. A shekara ta 75 Hajjaju ɗan Yusufu ya shigo, ya mulki Iraƙi da takobi shekara 20, ya ɗora musu sojojin Sham. Bakin da ya iya ƙarar Sa'adu, ina ya shiga ranar nan? Wanda ya ƙi sharar masallaci ya yi ta kasuwa.

Ya kai ɗan kasuwa, kafin ka sa hannu a takardar tsige sarkin kasuwarku, gyara mudunka tukuna, ka tambayi kanka me idonka ya gani. Ya kai almajiri, kafin ka ce limaminku bai iya salla ba, ka tuna wa aka taɓa faɗa wa wannan magana. In kana da shaida, kai ta inda ake hukunci, ka faɗe ta da sunanka. In ba ka da ita, kame harshenka, don addu'ar wanda aka zalunta ba ta faɗuwa ƙasa.

Allah Ya gyara mu, Ya gyara shugabanninmu, Ya tsare mu daga zama sanadin zuwan wanda ba ya jin ƙanmu. Amin.