A Ba Waɗanda Suka Daina Shan Ƙwaya Aiki A Asibitocinmu Na Karkara

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata masifa da ke cin 'ya'yanmu a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, wato shan ƙwaya, in kuma kawo shawarar da nake ganin za ta taimaka.

Ni manomi ne, ina shinkafa da damina, ina tumatir da albasa da rani, kuma ina da ɗan teburin tireda a bakin titi. Saboda haka abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne, abin da ido yake gani ne kullum.

Kowa ya sani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da marigayi Gwamna Audu Baƙo ya ɗauko, ƙasarmu ba ta hutu. Ruwa na bin kanal rani da damina. Ana gama dashe sai ciran ciyawa, ana gama wannan sai yanka da bugu, daga nan sai lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan da dakon buhuna a injinan gyaran shinkafa na Kura. Wannan arziki ne, mun gode Allah. To amma ta nan ɓarakar ta shigo. Yaro ɗan shekara 16 zai shiga ƙwadago, a ce masa jinga ce, iya abin da ka yi iya kuɗinka. Ya ga abokinsa ya wuni a duƙe cikin taɓo bai ce wash ba. Ya tambaya, a miƙa masa tiramol. Ran farko guda ɗaya ta ishe shi. Bayan wata biyu sai ya haɗa uku. Kafin shekara ta zagayo, ba don aiki yake sha ba, sha yake don ya iya tashi daga kan tabarma. Daga nan sai wiwi, sai sholisho, sai duk abin da hannu ya kai. Mu masu gona ma akwai namu a ciki, domin akwai waɗanda suka fi son ɗan ƙwadagon da ba ya gajiya, ba ruwansu da abin da ya haɗiya.

Kada wani ya ce abin ƙarami ne. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. To ina asibitin da zai kwantar da wannan jama'a?

Ba za a ce hukuma ta zauna ba. Tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA, tana kame ba dare ba rana. A watan Mayu na 2018, bayan da gidan rediyo da talabijin na BBC ya fallasa cinikin kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2019 an fasa gidajen mari a Kaduna da Daura, aka fito da bayin Allah da sarƙa a ƙafa, Kano ma ta ba da umarnin rufe irinsu. Muna da makarantar gyaran hali a Ƙiru, ga asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk wannan ƙoƙari ne. Amma fa, Malam Edita, dukansu a wuri guda suke tsayawa: bakin ƙofa. Ran da aka sallami yaro ya dawo gida, wa yake tare da shi?

Nan ne gizo ke saƙar. Ya dawo ya tarar da majalisarsu tana nan, mai sayarwa yana nan, gonar da ta koya masa tana nan. A gida ana kulle ɗaki in ya shigo. In cokali ya ɓace shi ne. Ya je neman aure a ce a'a, ya je neman jari a ce wa zai ba ɗan ƙwaya kuɗi. Waɗanda kaɗai za su tare shi da fara'a su ne abokan shan. Akwai wani yaro da ya yi mini aiki shekara biyu, iyayensa suka sayar da tumaki aka kai shi magani, ya dawo fes har ya yi ƙiba. Bai cika wata uku ba ya koma. Kuma abin da jama'a ba su sani ba, wanda ya daina ya koma ya fi shiga haɗari, domin jikinsa ya saba da rashin abin, in ya zuba adadin da yake sha a da, sai farfaɗiya ko numfashi ya tsaya.

A unguwa ɗaya kuma akwai wani da Allah ya tsame, ba da sarƙa ba, ba da bulala ba. Wani mai facin taya ne, wanda shi ma ya yi shekaru yana sha kafin ya bari, ya jawo shi jikinsa. Da asuba ya buga masa ƙofa, da rana ya zaunar da shi a rumfarsa, ran da ciwon jiki da zufa da gudawa da rashin barci suka taso masa ya ce masa, “Ƙanena, na san wannan, ni ma na yi shi, kwanaki ne zai wuce, tashi mu je a duba ka.” Yau yaron yana da mata da ɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da ban taɓa sha ba, in na ce wa yaro ka daina, zai ce Baba ba ka san yadda ake ji ba, kuma gaskiyarsa. Amma ba zai iya faɗa wa mai facin nan haka ba, ba kuma zai iya yi masa ƙarya ba, domin da ganin idonsa ya san ya sha ko bai sha ba.

To shawarata ita ce a mai da irin wannan taimako aiki na sosai. A kowane ƙaramin asibiti na mazaɓa, da babban asibitin Kura, a ɗauki mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda suka daina, a ba su horo, a ajiye su ƙarƙashin jami'in lafiya. Aikinsu shi ne su nemo masu sha a majalisa da bakin kanal, su rako su asibiti, su riƙa leƙa wanda aka sallamo, su tuna masa ranar komawa ganin likita, su tara su sau ɗaya a mako a zauna a yi hira kowa ya faɗi abin da ke damunsa, su kuma zauna da iyaye su fahimtar da su yadda ake zama da mai jinya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku tuna lokacin da mutane suke ɓoye 'ya'yansu kada a ɗiga musu maganin shan-inna. Me ya karya taurin kan? Har da fitowar waɗanda cutar ta nakasa, suna bin gida-gida a kan kekunansu suna cewa ku dube mu, da matan unguwa da aka ɗauka suna shiga ɗaki-ɗaki. Ga shi a watan Agusta na 2020 an tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya da Afirka baki ɗaya. A waje ma haka ne. A Amurka, a 1935, mashaya giya biyu ne, ɗaya ɗan kasuwa ɗaya likita, suka gano cewa in suna tattaunawa da juna suna iya haƙura, daga nan ƙungiyarsu ta bazu a duniya. A 1953 masu shan ƙwaya suka kafa tasu. In wani ya ce ai wannan na Turawa ne, to ƙasar Iran tana cikin inda irin wannan zama ya fi yawa a duniya, kuma a tsibirin Zanzibar akwai gidajen farfaɗowa da waɗanda suka daina sha suke riƙe da su da kansu.

Na san abin da wasu za su ce: an ba kura ajiyar nama. Maganarsu abar dubawa ce, shi ya sa dole a sa sharuɗɗa. Na farko, sai wanda ya yi aƙalla shekara biyu bai sha ba, mai unguwa da liman da jami'in lafiya suka shaida. Na biyu, shi ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, ba ya allura, ba a ba shi makullin ɗakin magani. Na uku, riƙon sirri. Ran da yara suka ji cewa abin da suka faɗa ya isa kunnen 'yan sanda ko teburin mai shayi, shi ke nan an rufe kasuwa. A bar masu kame su bi dillalai, shi kuwa wannan aikinsa jinya. Na huɗu, mata su kula da mata, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma matar aure da ta faɗa shan maganin tari ba za ta buɗe baki gaban namiji ba. Na biyar, in shi kansa ya zame, kada a yi masa tereren tsiya, a dakatar da shi a yi masa magani, in ya miƙe ya dawo.

Sai maganar haƙƙi. Kada a ce su yi don Allah kawai. Mutumin da zai bar rumfarsa ya wuni yana bin 'ya'yan wasu yana da iyali. A yanka musu alawus na wata-wata kamar yadda ake ba masu aikin riga-kafi. Kowa ya lissafa abin da ake kashewa wajen beli, da kuɗin mota zuwa Dawanau, da injin ban-ruwa da ake sacewa a gona, zai ga alawus ɗin nan araha ne. Ga shi kuma tun watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai jinya 'yancin a kula da shi cikin mutunci. Doka tana takarda, saura mu gan ta a Kura.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam su gwada wannan ko a mazaɓa ɗaya-ɗaya ne, bayan shekara a zauna a duba sakamako. Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai su sa baki. Ƙungiyoyinmu na manoma masu amfani da ruwa su yi ƙa'ida cewa duk yaron da ya daina za a sa shi a gaba wajen ba da aiki, ko a yanka masa ɗan fegi ya gwada, domin zaman banza shi ne abokin ƙwaya na farko. Masu kemis kuma ku ji tsoron Allah, ribar da aka ci da hankalin ɗan maƙwabci ba ta albarka.

'Yan uwana manoma da 'yan kasuwa, yaran nan su ne za su gaji kanal ɗin nan da gonakin nan. In muka ce sun lalace muka juya baya, wa zai riƙe fartanya bayanmu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon ji da aikatawa, amin.



Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Kura, Jihar Kano.