Kuɗin Cikin Waya: Darasin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Ɗauka Daga Sudan

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, bankunan Khartum da Omdurman suka rufe, aka wawashe da dama daga cikinsu, aka kuma fasa shagunan Kasuwar Libiya da babbar Kasuwar Omdurman. Mutanen unguwanni irin su Soba, ciki har da 'yan'uwanmu Hausawa da kakanninsu suka yada zango a can a hanyar aikin Hajji, sun wayi gari ba inda za su ciri ko fam ɗaya.

Abin da ya rufa wa jama'a asiri shi ne Bankak, wato manhajar Bankin Khartum da ake tura kuɗi da ita ta waya. Wanda ya ɓoye takardun kuɗi a gida, 'yan bindiga sun kwashe. Wanda nasa ke cikin waya kuwa ya tsere da su har Port Sudan ko Masar. Ta nan ne kuma 'yan'uwa da ke Saudiyya suka riƙa aiko da abin cefane. Wannan alfanu ne da ba mai musunsa, musamman ɗan kasuwar da ya san fargabar ɗaukar jakar kuɗi a hanyar Jibiya ko Illela.

Sai dai a watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. Nan take mai miliyoyi a waya ya koma ba ya iya sayen burodi, sai ya biya masu na'urar Starlink kafin ya taɓa dukiyarsa, mai ba shi tsabar kuɗi kuma ya yanki nasa kaso. A watan Disamba na shekarar kuma Babban Bankin Sudan ya canza takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, ya ce sai an zuba tsofaffin a asusun banki, tare da ƙayyade abin da za a cira a rana. RSF ta haramta sababbin a yankunanta. Ashe kuɗi ma makamin yaƙi ne.

To, Bankak na bankin kasuwanci ne. Abin da gwamnatoci da dama ke so ya wuce haka, wato kuɗin da Babban Banki da kansa zai fitar a waya, lissafin kowa yana hannunsa. Nijeriya ce ta fara a Afirka, inda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba, 2021. An ce za ta rage tsadar aika kuɗi, ta kai tallafi ga talaka ba tare da ɗan tsakiya ba, amma jama'a ba su karɓe ta ba. Ko lokacin canjin Naira a farkon 2023, da tsabar kuɗi ta ɓace, a kasuwannin kan iyaka Sefa mutane suka koma wa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki.

Ɗari-ɗarin jama'a yana da dalili. Takardar Naira ba ta faɗin wanda ya ba ka ita ko abin da ka saya da ita. Kuɗin Babban Banki na waya kuwa kowane ciniki yana barin sawu, kuma wanda ke riƙe da rumbun lissafin yana iya rufe asusun mutum cikin ƙiftawar ido. Ba a manta ba, a watan Nuwamban 2020 Babban Bankin Nijeriya ya samo umarnin kotu ya rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar EndSARS. Ko Kanada ta rufe asusun masu zanga-zangar manyan motoci a 2022. Idan an yi haka alhali akwai tsabar kuɗi a hannun mutane, ina ga ranar da babu?

Saboda haka ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tsaya kan sharuɗɗa uku kafin su amince da irin wannan kuɗi: doka ta tabbatar tsabar kuɗi za ta ci gaba da aiki tare da shi, kada a leƙa ko a rufe asusun kowa sai da hukuncin kotu da mai asusun zai iya ƙalubalanta, sannan a iya ciniki da shi ko babu sabis. Shi kuma ɗan kasuwa ya raba jarinsa, wani a waya, wani a hannu, wani a kaya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.